Shekarar da Na Koyi Suyar Gyaɗa

Ni maƙeri ne, ubana ma maƙeri ne. Har na haura shekara hamsin ban taɓa riƙe muciya ba. Matata ce ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidanmu na Ba'awa, kuma tun da na aure ta ban taɓa tambayarta yadda mai ke fitowa daga ƙwaya ba. Ina dai dawowa daga maƙera in tarar da kwalabe a jere.

Ana cikin roron gyaɗa ta faɗi a bakin murhu. Muka kwana goma sha ɗaya a asibiti, muka dawo da hannunta na dama da ƙafarta ba sa motsi, magana kuma sai a hankali. 'Ya'yanmu mata biyu, ɗaya tana aure a Bebeji, ɗaya a Riruwai, suka zo suka yi jinya wata guda, suka koma ɗakunansu. Buhu uku na ɓararriyar gyaɗa na jingine a ɗaki. Kullum in na fitar da ita tsakar gida ta sha iska, sai in ga idonta a kan kaskon suyarta da aka kife. Abinci ma ta fara turewa.

Wata safiya na ɗauko kaskon, na hura wuta, na ce mata ta riƙa faɗa ina yi. Ta ce in fara ɗebo rairayi in wanke, ya bushe tukuna.

Na farko ban yi haƙuri ba. Na ga bayan gyaɗar ya yi ja, na kwashe, ko da take girgiza kai. Na murje, na fece, na kai inji aka niƙa. Na zuba ƙullun a turmi ina juyawa ina yayyafa ruwan zafi yadda ta ce, har kafaɗuna suka mutu, amma abin da ya tsatso bai cika ludayi uku ba. Ta ce cikin ƙwayar bai soyu ba, ɗanyar gyaɗa kuwa riƙe manta take yi. Na biyu sai na wuce gona da iri. Mai ya fito, amma baƙi, ga ɗaci, tunkuzar ko akuya ta ƙi ci. Ranar ce ta fara dariya tun da ta kwanta, da rabin baki.

A hankali na fahimci cewa kafin a kai ga turmi an riga an gama aikin. Gyaɗar da ba ta sha rana sosai ba, ko an soya ta ba za ta ba da mai ba. Wutar da ta yi ƙarfi ƙona baya take yi ta bar ciki. Ita kuwa daga kan tabarma take gane komai, da hanci da kunne. In ƙarar gyaɗar a cikin rairayi ta canja, sai ta ɗaga hannun hagu, in kawo mata ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori ta duba ciki.

Labari ya fita. A majalisar da nake zama bayan la'asar aka fara tambayata ko zan ɗaura zane. Na ƙyale su rana ɗaya, rana biyu. A ta uku na ce musu gatarin da kowannensu ke faskare da shi ni na ƙera, kuma hannun da ya ƙera shi ne ke juya gyaɗa, wanda abin ya dama ya kai garmarsa Kiru a gyara masa. Na tashi na bar musu tabarmar.

Sai yayana ya zo gida. Shi ne babba a zuri'armu, ban taɓa musa masa magana ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya duba mai jiki, sannan ya ja ni zaure. Ya ce na zubar da mutuncin gidan maƙera, in ba wata mata gyaɗar ta yi, ko in sayar.

Na ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri. Wata za ta iya fitar da man, amma ba za ta sa matata ta ci abinci ba. Ba zan daina ba."

Ya ce to in sani maganata da shi ta ƙare ke nan. Na raka shi har bakin hanya, bai waiwayo ba.

Abin da ya dame ni a lokacin ba maganar mutane ba ce, kaskon ne. Gyaɗar tsakiya na ƙonewa, ta gefe ba ta soyu ba, ga hayaƙi a ido. Na tafi Tudun Wada ranar kasuwa na samo tsohuwar ganga, na wanke ta, na ƙone ta a wuta. Na huda ta na ratsa ƙarfe ta tsakiya, na yi mata mariƙi da 'yar ƙofa, na ɗora a kan ƙafafu biyu, ta zama ana juya ta bisa garwashi. Da farko matata ba ta yarda da ita ba, ta ce ba ta ganin gyaɗar. Na matsar da tabarmarta kusa. Ta saurari ƙarar, ta sa na tsaya, ta fasa ƙwaya uku daga wurare daban-daban, duka launinsu ɗaya. Kwano goma da muka saba samun kwalba huɗu da kyar, ranar ya ba mu biyar har da ɗigo, fari tas.

Mariƙin ba shi da nauyi. Bayan mako biyu ta ce in ɗaga ta in zaunar da ita a kujera, ta kama shi da hannun hagu ta juya da kanta, ni ina kula da garwashi. Matan unguwa suka fara aiko da gyaɗarsu a soya musu, ita ce ke cewa a sauke.

Yayana ya yi wata bakwai bai taka gidana ba. Yanzu muna gaisawa a masallaci, amma har yau bai ci ƙulin gidana ba, ni ma ban aika masa ba. Majalisa kuwa ban koma ba.

Bana wata Bafillatana daga rugar da ke bayan gari ta kawo mana riɗi kwano biyu, ta ce a gwada. Riɗi ba gyaɗa ba ne, yana son wanki da wuta kaɗan, kuma ta bakin ƙofar gangar yake zubewa. Kwanon farko mun ƙone shi. Na biyun na nan a rufe a ɗaki, sai na gama ƙera wata ƙofar.