Tarin da Alhaji Bai Faɗa wa Likita Ba

A Dapaong na kwaso tarin, lokacin da na je sarin albasa. Kwana shida ina tari da zazzaɓi a ɗakin wata ƙawata, na sha citta da kanumfari, ya wuce. Na dawo Sokodé na ci gaba da harkata.

Bayan sati uku sai tafin ƙafata ya fara yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Kafin Juma'a abin ya hau gwiwa. Na tashi alwala, ƙasa ta karɓe ni.

Maigidana yana kan hanya da tirela, don haka yayansa Alhaji ya kai ni asibiti. Shi ne bakin gidanmu a gaban duk mai jin Faransanci. Likita ta tambaya ko na yi wani ciwo kwanan baya. Ina kwance na ji Alhaji ya ce a'a, lafiyarta lau, rana ɗaya ta faɗi. Shi a ransa ya gama yanke cewa wani abu na taka a kasuwa.

Ya manta shekara biyu na yi ina zama a lakwal, makarantar manya, da furfurata, ina koyon Faransancin da ya hana 'ya'yansa mata.

Na ce, “Alhaji, ba ka faɗi tarin ba.”

“Tari ciwo ne? Ke dai yi shiru, ana magana.”

“Ƙafarka ce ta mutu ko tawa?”

Na juya ga likita da Faransancina mai ɗingishi. Tari, zazzaɓi, Dapaong, sati uku. Ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa da ni. Daga baya ta bayyana mini: dakarun jikina ne da suka kori ciwon, suka rasa abokin faɗa, suka juya kan jijiyoyina. Ta ce da abin ya kai ƙirji, numfashi zai tsaya. A ranar suka kwantar da ni, suka sa mini ido, aka fara magani.

Wata biyar na yi ina koyon tafiya, ina bin bango, ina zagin ƙafafun nan kamar jakuna.

Ran da na tsallake kwatar ƙofar gida ba sanda, matan layi suka rangaɗa guɗa. Na ce su matsa, ban isa inda za ni ba.