Tofin Gwaggo

Daminar da kaluluwa ta fito wa Baba a wuya ta ƙi sacewa, aka kai shi asibiti a birni, likita ta ce sankara ce. Ta ƙarin ruwa ake ba shi maganin. Yadda likitar ta yi mana bayani, maganin yana bin jini yana shafa wa miyagun ƙwayoyin alama, kamar shunin da ake shafa wa tumaki ranar kasuwa, sai sojojin jiki su far musu. Matsalar, har na kirkin yake shafawa, garkuwar jikin Baba ta yi rauni. Ta ja mana kunne cewa in ya zo da tari ko zazzaɓi, sai an ɗaga ƙarin ruwa na gaba. Ni kuwa kullum ina satar kallon wuyansa, ina ganin kamar ƙullin ya ƙaru.

A garinmu ko akuyarka ce ta yi atishawa sai an zo dubiya. Inna ta ajiye ni a zaure in riƙa tare 'yan dubiya, wai bakina ya fi na kowa. Wasu na ce musu yana barci, wasu yana wanka. A wuni guda Baba ya yi wankan da zai ƙafar da rijiyarmu.

Ana gobe za a koma asibiti, sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta sauko daga babur tana tarin da ya tashi zabin maƙwabta. Wai ta zo ta yi masa tofi a wuya. Ita ta goye shi, wa ya isa ya tare ta? Inna ta shige ɗaki.

Na durƙusa na faɗa wa Gwaggo abin da likita ta ce.

"Ke, ni zan sa wa ƙanena cuta?"

"Ba ke ba, Gwaggo, tarin. Ki tofa mini, ai ni jininsa ce."

Sai ta kama kaina ta soma karatu. Addu'ar ta yi tsawo, na jiƙe kamar wadda ruwa ya kama a gona. Da ta gama, ta zagaya bayan katanga ta yi wa Baba sannu daga can.

Inna ta tura ni gidan kawu, ta ce kada in ko leƙo, tunda na sha tofin mai tari. Washegari na wuni a ƙofa ina jiran dawowarsu daga asibiti. Sai bayan la'asar yayana ya tsaya daga nesa ya ce an sa wa Baba ruwan. Na buɗe baki in yi hamdala, atishawa ta riga ni.