Inna da Ɓeran Jikarta

A garinmu idan yaro ya ga ɓera, takalmi yake nema. Haka na tashi. Shi ya sa ranar da 'yata ta tsaya gaban wani akwatin gilashi a kantin dabbobi a Gaithersburg, garin da muke zaune a Amurka, ta nuna min wani ɗan abu mai gashi yana ta gudu a cikin wili ba tare da ya je ko'ina ba, ta ce shi take so, sai na dubi mahaifiyarta ina jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ashe sun gama magana tun a gida, ni tuƙi kawai aka kawo ni yi.

Wai sunansa hamsta. Bai cika tafin hannu ba, ga kumatu, wutsiyar kuwa sai ka duba da kyau. Na ce ai wannan ɓera ne aka guntule wa bindi. 'Yata tana firamare a lokacin, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar da amsa. Ta ce ba ɓera ba ne, kuma in daina faɗin haka a gabansa.

Mai kantin ya ce lallai ne a riƙa fito da shi daga keji yana motsa jiki, ya haɗa mu da wata ƙwallon roba da ake ganin cikinta. A sa shi a ciki, a rufe, ya yi ta gangarawa a falo. Kwanakin farko abin ya ba mu dariya. Ya daki ƙafar kujera, ya daki bango, ya juyo ya daki ƙafata. Wata rana da yamma na dawo daga gidan rediyon da nake aiki, na zauna da kofin shayi, sai na hango ƙwallon ta nufi ƙofar da ke sauka ɗakin ƙasa, ga shi an bar ta a buɗe. Rabon da in yi tsalle irin wannan tun ina tsaron gida a ƙwallon makaranta. Na cafe ta a bakin matakala, shayin ya bi bango, gwiwata ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba.

Matata nas ce a asibiti. Ta taho da sauri, na miƙa mata gwiwar. Ta tsallake ni, ta karɓi ƙwallon, ta buɗe, ta shiga duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ni aka tura da shi wajen likitan dabbobi. Na zauna ina ɗingishi tsakanin wani ƙaton kare da wata aku, keji a kan cinyata. Likitar ta duba shi ta ce lafiyarsa ƙalau, amma ƙwallon nan a jefar da ita. Ta ce ba ya gani da nisa, da hanci da gashin baki yake gane hanya, kuma a cikin ƙwallon ba ya jin ƙanshin komai, ba ya iya tsayawa in ya gaji, ga zafi, ga tsagar da farcensa ke iya maƙalewa. Abin da muke ɗauka wasa yake yi, in ji ta, neman hanyar fita yake. Ta ce a kewaye masa fili a ƙasa, a kawar da wayoyin lantarki, a sa masa ruwa da wurin ɓuya, mutum ya zauna yana kallonsa, kuma kada a tashe shi daga barci, a bari ya farka da kansa wajen magariba. Ina fitowa ta ce in sa ƙanƙara a gwiwar. Ita kaɗai ta kula.

Da kwalaye muka yi shingen. 'Yata ta jera masa bututun kwali na takardar banɗaki, ta sa tasa cike da yashi don ya yi birgima, ta kifa wani tsohon ƙoƙo ta huda masa ƙofa. Da aka gama na tsaya na duba, na tuna ɗakin da na taɓa haya ina saurayi, na ga nasa ya fi tsari.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyata, ta zo mana daga Kano, daidai shigowar sanyi. Mun yi shawara kada a gaya mata sai ta huta. Aka kai kejin ɗakin yarinyar aka rufe ƙofa. Ko kwana ba a yi ba. Mun idar da magariba kenan ta kira ni gefe, ta rage murya don kada ta kunyata surukarta.

"Akwai ɓera a gidan nan. Na ji motsinsa a sama."

Na ce, "Inna, namu ne."

"Na san naku ne, ai ban ce na maƙwabta ba. Ba ku da tarko?"

"Sayo shi muka yi."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "A kasuwa?"

Na ce e. Ta ce to, Allah ya kyauta. Da aka fito da shi filinsa, jikarta ta zauna a ciki ta miƙe ƙafa, yana hawa kanta yana sauka, Inna ta tsaya daga bakin ƙofa, takalminta ɗaya a hannu, a cewarta ko da wani abu zai taso. Da ta ji har likita gare shi, sai ta tambaya ko yana da fasfo.

Wata Asabar ya gudu. Ashe ya daɗe yana gwaguyar kusurwar kwali ɗaya ta ƙasa. Yarinyar ta tashi ɗauko ruwa, ta dawo ta tarar da fili babu kowa. Ta fashe da kuka. Matata ta bi gidan tana rufe ƙofofi, tana toshe ramukan da ɗumi ke fitowa da tawul, ta ce kowa ya riƙa jan ƙafa kada a taka shi. Ni na kwanta rub da ciki a kicin da tocila ina leƙen bayan firji, ina kiran ɓera da murya mai taushi, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata.

Can sai muka ji muryar Inna daga ɗakinta, ba ko gaggawa a ciki.

"Ku zo ku ɗauki ɗanku. Ba shi da lafiya."

Muka tarar da ita zaune a bakin gado, ta kife wani abu da kwandon tsane shinkafa, ta ɗora ƙafa a kai. Gefe ga kwanon gyaɗar da take ɓarewa. Ta ɗaga kwandon a hankali. Ga shi nan zaune, kumatunsa sun kumbura har kafaɗa, kansa ya kusa ninka jikinsa.

Ta dubi jikarta ta ce, "Hangum ne. Haka ya yi wa ubanki yana yaro."

Jikar ta daina kuka ta soma dariya, ta yi mata bayani da Turanci, matata na fassarawa, cewa jaka gare shi a kumatu, a nan yake tara abinci. Aka mayar da shi keji, ya sa hannu biyu ya dinga turo gyaɗa waje. Inna ta sunkuya tana kallo har ya gama. Ta ce ta ga ɓarayi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zo da buhunsa a baki ba. Na tambaye ta yaya aka yi ba ta doke shi ba. Ta ce ta ɗaga takalmin, sai ya miƙe da ƙafa biyu ya haɗa hannuwa a ƙirji yana kallonta, ita kuma ba ta iya dukan wanda ya zo gaisuwa.

Matata ta sayo shinge na roba mai santsi wanda haƙori ba ya kamawa. Inna kuwa ta ce mu duka ba mu iya tsaro ba, ta karɓi aikin. Kullum bayan magariba sai ta jawo kujera bakin shingen, carbi a hannu, tana ba da rahoto. Ya shiga rami. Ya fito. Yana wanka da ƙasa kamar kaza. In ya nufi kusurwa da niyyar hawa, sai ta ce, "Na gan ka," shi kuma ko a jikinsa. Amma taɓa shi, wannan ta ce ba da ita ba.

Wata yamma na shigo na tarar da su a haka. Na gaishe ta, ta amsa idonta na kan shingen.

Ta ce, "Likitar nan tasa, cewa ta yi kullum a fito da shi?"

Na ce, "Kullum, Inna. In ba haka ba sai ya takura, ya yi ta cizon ƙarfen keji."

"To madalla. Ni kuma sai yaushe?"

Na ajiye jakata. Tun zuwanta, in ban da masallacin Juma'a a cikin mota, ba ta taka ko'ina ba. Mu mu fita da safe, ita ta wuni tana kallon titi ta taga, titin da babu mai wucewa sai motoci da mai kawo saƙo. A gida kuwa kafin azahar ta zaga gidan suna, ta leƙa mara lafiya, ta biya kasuwa. Na soma cewa ai sanyi ne. Ta ce ta ga tsofaffin Turawa suna wucewa da karnuka a cikin sanyin, ba ta ga wanda ya daskare ba. Ta ce ba ta kai ga cizon ƙarfe ba tukuna, amma kada in jira.

Aka sayo mata ƙatuwar rigar sanyi da takalmin gudu, ta ɗora mayafinta a kai. Muka fara zagaya wani ɗan tafki kusa da unguwarmu duk sanda na taso da wuri, ran da sanyi ya yi yawa kuma mu shiga babban kanti mu yi ta zagaye. Duk wanda muka haɗu da shi sai ta ce masa sannu, har wasu suka koyi mayar mata. Ni ne nake haki a baya da gwiwata.

A bakin tafkin nan ne wata rana tana yi min faɗan jinkiri, sai wata dattijuwa da ke zaune a benci ta waiwayo ta ce, "Hausa nika ji?" Mutuniyar Maraɗi ce, ita ma ta zo wajen ɗanta, ita ma wuni take a taga. Suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, suka tambayi gida da yara da sanyi, ni na samu wuri na zauna. Daga ranar aka sallame ni. Su biyu suke fita da hantsi, su dawo da labarin unguwa fiye da wanda na sani a duk zamana a cikinta.

Ba a jima ba Inna ta kawo ƙawar tata gida musamman don ta ga ɓeran, saboda da ta ba ta labarinsa, matar ta ce ƙarya ne. Baƙuwar ta zagaya shingen, ta duba tasar yashi da ƙoƙon da wilin, ta riƙe baki. Ta ce in ba hoto ta aika ba, babu mai yarda da ita a Maraɗi, kuma sai an ga mutum riƙe da shi don a san girmansa. Ta ce ita dai ba za ta riƙe ba.

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce ai ita ta saba da shi. Ta haɗa tafukanta biyu. Jikarta ta ce ta zauna ƙasa tukuna, kada ya faɗo daga sama. Ta zauna, aka ɗora mata shi. Ya shinshina yatsunta, ya ɗan tsaya, baƙuwar ta ɗaga waya. Kafin ta danna ya shige hannun rigar Inna ya yi sama.

A hoton da ya tafi Maraɗi babu ɓera. Inna ce kawai zaune a ƙasa, ido waje, kafaɗa ɗaya a ɗage, jikarta ta zura hannu ta wuyan rigar tana lalube. Da aka ciro shi Inna ta ce a sake ɗauka, baƙuwar ta ce a'a, wannan ma ya isa.