Layar Kawu da Madubin Bindiga

Jiya a filin harbin faranti da ke bayan garin Lyon na tarar da Kawu Isufu yana gardama da Bature mai gyaran bindiga.

Madubin saiti Kawu ya sayo wa bindigarsa. Baturen ya ce kusa da ido ake ɗaura shi. Nan kuwa Kawu ya ɗaure layar kakanmu maharbi, tun daga Damagaram.

Na ce, "Kawu, ina amfanin madubin? Kai da kake runtse ido in za ka harba!"

Ya harare ni. "Voilà, yawwa! Shi ya sa layar ba ta gusawa."

Can bakin bindiga aka ɗaura madubin. Kawu ya yi ta harbi, faranti ko ɗaya bai fashe ba.

Jama'a, ranar Asabar zai shiga gasa. Wa zai faɗa masa gaskiya? Ni dai na sha harara.