Jiƙaƙƙen Kakin Yaya Sadisu

Matan unguwarmu Ka'akiyya, a nan Makka, suna cewa taurin kai ne ya kashe Yaya Sadisu, wai wane irin soja ne zai zauna da kaki a jiki ranar da 'yan bindiga suka shiga garinmu can gida. Ba su san komai ba. Ni ina wurin.

Sojan ƙasa ne. Shekararsa biyu a daji kafin a ba shi hutu ya zo gida, ba bindiga, ba komai sai jaka. Da safen nan Inna ta wanke kakinsa ta shanya a igiyar tsakar gida. Igiyarmu ta ɗara katanga, duk mai wucewa yana hangen abin da ke kanta. Shi kuwa yana zaune da singileti, yana shan koko, yana tsokanata wai ban iya suyar ƙosai ba.

Da hantsi muka ji babura. Da yawa. Sai harbi daga bakin kasuwa. Maƙwabcinmu mai shayi ya leƙa waje, suka harbe shi a wuya. Ta ramin ƙofa na ga ƙafarsa tana shure-shure har ta daina.

Baburan suka tsaya a ƙofarmu. Sun ga shanya.

"A fito mana da sojan nan! Ko mu ƙone layin duka!"

Warin fetur ya shigo. Gidan da ke jikin namu akwai mai jego da yara.

Yaya ya fizge kakin daga igiya, ya saka shi yana ɗigar ruwa. Ko takalmi babu.

"Hauwa, ɗauki Inna! Ta baya!"

Ya haura katanga, ya dira a gabansu don su gan shi, ya yanki hanyar rafi da gudu. Baburan suka bi shi gaba ɗaya. Na tura Inna ta ƙofar awaki, muka faɗa gonar dawa. Ganye yana yankar fuska. Inna ta faɗi, na ja ta. Ta juya za ta koma, na riƙe ta da ƙarfi har zanenta ya yage. Harbin ya daɗe a wajen rafi. Sannan ya tsaya.

Sai la'asar muka kai titi. Wata motar itace ta ɗauke mu.

Ba a ƙone layinmu ba. Shi kuma a cikin yashi aka tsince shi. Ba mu ga jana'izarsa ba.

Hala Rabi, ƙanwar Inna, ta kawo mu Makka da bizar umra, muka zauna. Inna ta haifi biyu, saura ni.

Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, Hala ta ce kada in yi nisa da unguwa, ana kame. Na ji. Gobe bayan asuba zan hau mota zuwa Tan'im, in ɗaura niyyar umra da sunansa.