Ranar da Lissafin Nasiru Ya Faɗi

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji shida na firamare. Gari ya waye da irin sanyin nan na Jos mai sa haƙora kaɗawa, mu kuwa muna tsugune a kwarin da ke bayan gidanmu a Dutse Uku, ni da Nasiru ɗan ƙanen babana, kowa da ƙwaryarsa. Kakanmu Malam Ilu yana zaune a kan dutse, ya naɗe ƙafar wando yana kallonmu. Na ɗebi yashi, na tsoma ƙwarya a ruwa, na ɗan karkata ta ina jujjuyawa a hankali, farin yashi yana ta bin ruwa, har ya rage wani ɗan baƙin gari mai nauyi yana ƙyalli a ƙasa. Kuza ke nan. Kaka ya murza ta da yatsa ya ce, "Hannun Sani hannuna ne sak." Wallahi ji na yi kamar an ba ni garin Jos kyauta. Nasiru kuwa ya juya tasa da ƙarfi kamar mai dama fura, yashi da kuzar duka suka bi ruwa, ya tsaya zuru da ƙwarya a hannu. Na yi dariya har na zauna cikin ruwa.

Kaka ya yi ƙuruciyarsa a ramukan haƙar kuza, kuma ko da aikin ya mutu, bai iya ganin ruwa ya gudana ya ƙyale shi ba. Abin da muke tarawa a gwangwanin madara bai taka kara ya karya ba, sha'awa ce kawai ta tsoho. Amma ni a wurina ba wasa ba ne. Gidanmu cike yake da jikoki, muna jan ruwa a rijiya tare, muna kai awaki gindin duwatsu tare, muna tonon dankalin Turawa a gonar bayan gida tare, da yamma mu yi langa da ƙwallon tsumma har a koro mu da tsintsiya. A cikin wannan taron ba wanda ya san da zamana sai in ruwa ya ɗauke, Kaka ya leƙo daga zaure ya ce, "Ina Sani?" A makaranta ni ɗan tsakiyar aji ne. Nasiru da na ba shekara biyu shi ke zuwa na ɗaya kullum. Na bar masa makaranta ba tare da gardama ba, tunda kwari nawa ne.

Sai yaron nan ya daina taɓa ƙwarya. Ya koma zama a gefe da tsohon littafinsa na lissafi, ya zana kwarin da duk lanƙwasarsa, inda na sami kuza ya ɗiga baƙi, inda na tashi a banza ya ja layi. Wani lokaci ya jefa guntun kara a ruwa ya bi shi da ido. Ina ta yi masa shaƙiyanci, ina kiransa malamin da ba ya jiƙa hannu. Bayan makonni ya je ya tsuguna gaban Kaka ya nuna masa wata kwana a ƙarƙashin shingen ƙerana, wurin da ban taɓa wankewa ba. Ya ce a nan ruwa yake rage gudu, don haka a nan zai ajiye abu mai nauyi, in aka sake ruwa za a gani. Kaka ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da na zaci nawa ne ni kaɗai. Sannan ya yi dariya ya ce, "Kai ja'iri! In ta tabbata kai ne oga, Sani lebura." Wasan kaka da jika ne, kowa ya yi dariya. Ban da ni.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana idar da sallar asuba na sulale zuwa kwanar nan. Ƙwaryar farko ma ta ishe ni amsa, don ban taɓa ganin baƙar kuza mai yawa haka ba. Yaron ya yi daidai. Na wanke wurin tas, na ƙulle kuzar a tsumma, na jefa ta cikin wani tsohon rami mai ruwa. Da hantsi muka dawo da Kaka da sauran yara. Aka ce in wanke, na wanke, ba komai sai farin yashi. Yara suka kama yi wa Nasiru ihu. Na jira ya yi kuka, bai yi ba. Ya buɗe littafinsa ya ce a hankali, "To a ina na yi kuskure?"

Kaka ya bari yara suka watse. Ya nuna min tulin yashin da na zubar a gefe, a jere kamar jinjirin wata, yadda shi da kansa ya koya min zubarwa. Ya ce, "Wanda ya riga mu zuwa nan gwani ne." Iyakar maganar ke nan. Bai doke ni ba, bai gaya wa kowa ba. Amma har ya koma ga Allah bai sake leƙowa ya tambayi ina Sani ba.

Nasiru ya cinye sauran daminar yana neman kuskuren da babu shi. Daga nan ya wuce sakandaren kimiyya, ya wuce jami'a, ya karanta ilimin sinadarai, kuma irin wanda ba a taɓa kwalba. Da lissafi da kwamfuta yake faɗin yadda sinadarai za su haɗu tun kafin wani ya haɗa su. Muna cewa ya kai ƙarshe, sai muka ji ya bar fannin, ya koma koya wa kwamfuta gane abubuwa da kanta ta hanyar nuna mata misalai masu yawa. Yau kamfanoni ke kiransa ya duba musu manhaja ya ba su shawara, a saurare shi kamar likita. Ni kuwa ina kula da ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare kusa da unguwar Kwararafa a nan Jos. Ni ke auna sinadaran, ni ke wanke kwalaben, yatsuna duk tabo. Alhamdu lillahi, ina ci ina sha. Amma in na ce ba na jin zafi duk sa'ad da aka ambaci sunansa a gidan biki, na yi ƙarya.

Da babbar sallar da ta wuce ya zo gida. Kwarin an zuba masa siminti ya zama magudana, an yi gidaje inda awakinmu suke kiwo, yaranmu ba su san kalar kuza ba. Muna zaune a zauren Kaka ya tara su yana ba su labarin ranar nan. Ya ce duk kamfanin da ya je sai ya ba da shi, don ranar ce ta koya masa kada ya yarda da lissafinsa sai ya gwada, kuma da ita yake cin abinci har yau. Ya juyo da fara'a ya ce, "Yaya Sani, ka tuna?" Na ce na tuna. Maganar ta zo har bakina, na ga ƙofar da tsohon yake leƙowa, na so a ce yana nan ya tona ni in huta. Sai na miƙa wa Nasiru kwanon nama na ce ya ƙara.

Har yau ban gaya masa ba. Shi ne kaɗai abin da na sani wanda bai sani ba.