Wa Ya Taɓa Duwatsun Magini?

Magini ya tsufa a kan sana'ar da yanzu ba a cika ganinta ba, wato ɗora dutse a kan dutse ba siminti, ba laka. A wurin wani tsoho kurma ya koya, wanda ba ya yin bayani. Sai ka gama gini ya zo ya tokare shi da ƙafa, in ya rushe ka sake. Katangun da Magini ya yi a ƙuruciyarsa suna nan har yau a bayan tsohon asibiti da gefen gadar jirgin ƙasa. Ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun, amma ko ɗaya bai zame ba. In suka bi ta wurin shi da matarsa, sai ya rage tafiya yana gyaran murya.

"Na gani, Baban Auta," in ji ta. "Bara ma na gani."

Aikinsa na ƙarshe gyaran matakala ne a wani otal. Ana cikin aikin aka ce za a fitar da babban akwatin gilashin da ke zauren baƙi, mai ruwan gishiri, da kifin da ke ciki. Kifin teku ne mai siffar maciji, tsawonsa ya kai hannun mutum, kullum bakinsa a buɗe kamar mai shirin kawo ƙara. Magini ya tsaya yana kallonsa, ya ga an jibga masa duwatsu barkatai, ko ramin kirki babu. Abin ya tsaya masa a rai. Da yamma sai ga mota a ƙofar gida da akwatin.

Matar ta leƙa, ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

"Maciji ka kawo mini falo?"

"Kifi ne, Tsohuwa."

"Kifin da ba shi da ɓawo, ba shi da kunya? Dubi yadda yake kallona!"

Ita ce dai ta raɗa masa suna Dogo, kuma ba ta taɓa zama a kujerar da ke kusa da shi ba.

Magini ya gina wa Dogo kogo a cikin ruwan, da ƙofar shiga da ta fita, da faffaɗan dutse a sama. Ya koyi haɗa gishirin da ake sayowa daga shagon kifi, ya koyi miƙa wa Dogo abinci a bakin tsinke, don idonsa ba ya bambance yatsa da nama. Da gansakuka ta fara rufe duwatsun, mai shagon ya ba shi bushiyoyin teku, wasu baƙaƙen dunƙule masu ƙaya ta ko'ina, ba ido, ba fuska. Ya ce su za su cinye ta tas.

"Amma Baba, ka manne duwatsun nan da gam," in ji mai shagon.

Magini ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ɗana, tun ba a haifi babanka ba nake ɗora dutse. Gam na masu gyaran takalmi ne."

Ba a daɗe ba wata safiya ya ga dutsen gefen ƙofar kogon ya karkace. Kaɗan ne, wani ba zai lura ba. Ya gyara. Washegari wani ne ya goce. Ya duba teburin, ya aza ma'aunin gini, daidai yake. Dogo ba ya ture dutse, sulalewa yake yi. Bushiyoyin kuwa duk yini suna maƙale a lungu guda kamar an kafe su da ƙusa. Mutum biyu ne a gidan, kuma shi ya san bai taɓa ba.

Ranar da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta zo gaisuwa da mijinta, ranar maganar ta fashe. Ana zaune a falo ana hira, idon Magini ya kai kan kogon, ya ga faffaɗan dutsen ya matsa.

"Tsohuwa, in kina shara ki daina sa hannu a ruwan nan."

Ta yi dariya. "Ni? Hannuna a ɗakin maciji? Ko an ɗaure ni."

"To wa ke motsa su? Aljanu?"

"Wataƙila ginin ne bai zauna ba."

Da ba ta faɗi wannan ba, da ƙila abin ya wuce. Magini ya ajiye kofinsa.

"Ginina ba ya motsi. So kike dutse ya danne Dogo ki huta. Ƙarya kike yi."

Surukin ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Auta ta ce, "Baba!" ta rufe baki da hannu. Tun da aka ɗaura musu aure sun yi faɗa a kan abubuwa da yawa, amma wannan kalmar ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Matar ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da jaka, ta bi 'yarta zuwa mota.

Magini ya ce a ransa, yanzu za a ga gaskiya. Amma duwatsun suka ci gaba da gocewa, kuma babu wanda zai tambaya. Ya daina cin abincin kirki. Labulen falo, da ita ke zugewa kowace safiya, ya zauna a rufe, fitilar akwatin ma ya manta da ita.

Wata rana da hantsi yana zaune a wannan duhu-duhun, sai ya ga ƙaya tana motsi. Ashe bushiyoyin duhu suke jira. Babbar cikinsu ta baro lungunta, tana tafiya a hankali a kan wasu siraran ƙafafu kamar zare, waɗanda bai taɓa sanin tana da su ba. Ta isa gindin kogon, inda gansakuka ta yi kauri, ta cusa jikinta a tsagar da ke ƙarƙashin dutsen da ke riƙe da rufin. Ta kafa ƙayoyinta sama da ƙasa, ta tura.

Dutsen ya ɗaga.

Magini ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe. Abin da bai kai dunƙulen hannun yaro ba! Kafin ya taka, rufin ya kife, yashi ya turnuƙe ruwan, wutsiyar Dogo kaɗai ke fizga a ƙarƙashin dutse. Ya cire murfi, ya zura hannu har kafaɗa. Ƙaya ta shige tafinsa ta kakkarye. Ya ɗaga dutsen, Dogo ya fito da tsaga a gadon baya, ya juyo ya damƙi babban yatsansa.

Ya zauna a ƙasa, rigarsa sharkaf, jini na ɗiga a tabarma.

A barandar gidan Auta ya same ta tana tsefe wa jikarta kai. Ta dubi tsumman da ya naɗe hannun, ta dubi fuskarsa.

"Macijin ne?"

"Shi da 'yan ƙayan. Su ne, Tsohuwa. Da idona na gani. Su ke ɗaga duwatsun."

Ta ci gaba da tsifa. "Ni kake gaya wa? Ai ni na san ban taɓa ba." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Waɗanda suka ji ka ce na yi ƙarya suna ciki."

Ya juya ya dubi ƙofar. Sannan ya ɗaga murya ya kira Auta da mijinta. Suka fito, suka ga hannun, Auta ta yi salati. Ya ce su bar hannun tukuna. A tsaye, a gaban 'yarsa da surukinsa da jikarsa, ya ce matarsa ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya zalunce ta, kuma ginin nasa ya rushe.

Matar ta sallami yarinyar, ta kakkaɓe zaninta.

"Auta, ɗora ruwan zafi, ki kawo mini allura." Ta jawo hannun ta kwance tsumman, ta ga baƙaƙen ɗigo sun cika tafin. "Zauna. Zai yi zafi, kuma ba zan yi sauri ba."

Ya zauna.